Port ko PICC? Don Allah ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati biyar ke nan da aka cire min maman hagu har da kaluluwar hammata saboda kansar mama. Tun azumin bara na ji ƙullutun, dangin maigida suka dage sai an gwada na gargajiya, wata bakwai muna abu ɗaya, sai ƙanwata ce ta ɗauke ni zuwa asibiti da kanta. Yanzu za a fara kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya. Likita ya hana huda hannun hagu, na daman kuma jijiya ba ta samuwa, rannan sau huɗu aka soka ni. Ya ce in zaɓa: port da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji, ko PICC, siririyar roba da ake zurawa ta dantse. Wallahi barci ya gagare ni.

Hajiya Turai: Port, 'yata, kar ki tsaya wasa. Shekarata ɗaya da shi. Da wurin ya warke kina wankanki lafiya lau. PICC kuwa duk sati sai an wanke an sake bandeji, ruwa bai taɓa shi, kuma ya fi kawo daskarewar jini.

Ummu Sadik: Wane magani za a ba ki, zagaye nawa? In jan nan ne, doxorubicin, in ya tsiyaya wajen jijiya yana cin nama.

Anti Balaraba: Ni da kanula, 'yar robar nan da ake sokawa a jijiyar hannu, na gama zagaye shida. Port ɗin nan allurarsa ta musamman ce, yayata sai da ta nemo ta daga Abuja, naz ɗin ma ba ta iya sokawa ba, ga shi ba wanda ya taimaka mana da ko sisi.

Hajiya Turai: Balaraba, ke jijiyarki na fita. Hannu ɗaya ya rage wa yarinyar nan!

Maman Ilham: Mama, ba ƙin maganarki na yi ba. Ɗinkin farko bai daina min zafi ba, a ce kuma in sake kwanciya a yanka ni? PICC ɗin ko ba komai ba tiyata.

Ummu Sadik: Duk wanda aka sa, zazzaɓi ya kai 38 ki tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Zagaye nawa dai?

Maman Ilham: Takardar na wurin maigida. Amma daga Funtuwa zuwa Zariya duk sati, wa zai riƙe min yara?