Muhawara: mai bauta don tsoron wuta ɗan ƙodago ne?

Tela, Kasuwar Dole: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Maganar da na yi jiya bayan zikirin Juma'a ina nan a kanta. Wanda yake sallah da azumi don kawai ya kuɓuta daga wuta ko ya samu gida a aljanna bai ɗanɗani son Allah ba tukuna. Ɗan ƙodago ne, hannu na aiki, ido na kan lada. Ba ni na ƙago ba. Imamu Gazali ya kawo a littafinsa Ihya'u cewa Sufyanus Sauri ya tambayi Nana Rabi'atul Adawiyya ta Basra haƙiƙanin imaninta, ta ce ba ta bauta maSa don tsoron wutarSa ko son aljannarSa ba balle ta zamo kamar mugun ɗan ƙodago, ta bauta maSa ne don so da bege.

Ɗan jami'a, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Yaya, Allah Ya huci zuciyarka, ban yarda ba. Rabi'a ta rasu wajajen 185 bayan hijira, Gazali ya rasu 505. Wa ya ɗauko maganar a tsakani? Ko mun ce ta inganta, a Suratul Anbiya aya ta 90 Allah Ya yabi Annabi Zakariyya da iyalinsa da cewa suna kiranSa cikin kwaɗayi da tsoro. A Suratus Sajada aya ta 16 haka Ya siffanta masu barin shimfiɗa da dare. Manzon Allah (SAW) ya koya mana neman tsari daga azabar Jahannama a ƙarshen tahiya. Su ma ƴan ƙodago ne?

Tela: Subhanallah! Ƙanena, kada ka sa mini magana a baki.

Malama, Birni: Ku ba ni dama, don ni abin ya shigo har gida. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata. Kun san halin ruwa a Damagaram, in famfo zai kawo sai tsakar dare. Takan jera jarkokinta a bakin famfo, ta shimfiɗa buzu a gefe tana nafila tana jira. Ina jin roƙonta ta kan katanga, kullum biyu ne: Allah Ya raba ta da wuta, Ya haɗa ta da ƴaƴanta da suka rasu a aljanna. Wani jikanta da bai daɗe da shiga tarbiyar ɗariƙa ba ya ce mata wannan ibadar ƴan kasuwa ce. Ta zo wurina idonta ya yi ja, tana tambaya ko sallolinta na shekara da shekaru sun tashi a banza. Malam Tela, me zan ce mata?

Tela: Malama, ban ce ba ta da lada ba. Daraja nake magana, akwai Musulunci, akwai imani, akwai ihsani.

Muƙaddami, Garin Malam: Ƴaƴana, ku saurara. Tela, koma ka sake karanta abin da ka kawo. Rabi'a tambayarta aka yi game da imaninta, ta ba da amsa a kan kanta. Ba ta nuna kowa da yatsa ba. Hali ne Allah Ya ɗanɗana mata ta faɗa, kai kuma ka ɗauke shi ka mai da shi hukunci a kan bayin Allah. Nan ne ɓarnar take, kuma nan jikan tsohuwar nan ya zame.

Hanyar so ba a ɓoye take ba, tana cikin Arba'una da yara ke biyawa a zaure, hadisi na 38. Allah Ya ce bawa ba ya kusantarSa da abin da Ya fi so kamar farillai, sannan ba zai gushe yana matsowa da nafilfili ba har Ya so shi, in Ya so shi sai Ya zamo jinsa da ganinsa. Ku lura da jerin: farilla, nafila, sannan so, kuma son daga wajenSa yake fara zuwa. A Ma'ida aya ta 54 ma sai da Ya ce Yana son su kafin Ya ce suna son Sa. To tsohuwar da ke tsaye a kan buzu ƙarfe uku na dare a kan wace hanya take in ba wannan ba? Wa ya leƙa ya ga Allah bai so ta ba?

Kai ma ɗan jami'a, kada ka yi saurin tuhumar mutanen Allah. Suratu Yunus aya ta 26 ta yi wa masu kyautatawa alkawarin sakamako mafi kyau da ƙari, hadisin Suhaibu a Sahihu Muslim ya fassara ƙarin da ganin Allah. Masoyin da ya ce ba ya neman aljanna, inuwa da ƙoramu yake nufi. Ganin da yake bege kuwa a can za a yi shi.

Sannan Tela, lazimin da kake yi safe da yamma, da me yake farawa? Istigfari 100. Wanda ya gama da tsoro, gafarar me yake nema?

Tela: Allah Ya gafarta Malam, na ji, amma istigfarin masoyi na kunya ne, ba na gudun bulala ba. Annabi (SAW) an gafarta masa abin da ya gabata da wanda zai zo, duk da haka yana tsayuwa har ƙafafunsa su kumbura. Da aka yi masa magana sai ya ce ashe ba zai zamo bawa mai godiya ba? Bai ambaci wuta ba. Wannan matsayin nake cewa mu ɗaga kai mu nema, kada mu tsufa a matakin farko.

Ɗan jami'a: Shi ɗin ne kuma ya ce wa sahabbai ya fi su duka tsoron Allah. Godiyar ba ta kore tsoron ba, Yaya. Matakin da kake cewa a wuce, shi bai bar shi ba.

Tela: Tsoron Allah daban, tsoron wuta daban.

Ɗan jami'a: Wutar ta wace ce? Wa ya tsoratar da mu da ita?

Muƙaddami: Wannan gaɓar ba ta waya ba ce. Ku zo zaure ranar Alhamis bayan la'asar, mu buɗe babin tsoro da fata a Ihya'u, sannan babin so. Malama, ki aiko mini da yaron nan tun kafin ranar, kuma ki gaya wa kakarsa ta ci gaba da roƙonta yadda ta saba.