Ƙarfin ƙashi bayan ɗaukewar al'ada: abin da masana suka yi ittifaƙi a kai

Da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin estrojin na jikin mace, mai kare ƙashi, yana raguwa, sai ƙashi ya riƙa zaizayewa, musamman a shekarun farko. Ba ya ciwo, shi ya sa mata da yawa ba sa farga sai sun karye a ƙugu ko wuyan hannu.

Macen da ta haura 50 tana buƙatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, wajen miligiram 1,200 a rana. Kofin madara ko kindirmo yana ba da kusan 300. A ƙara da miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. In za a sha ƙwayar kalsiyam, kada a wuce miligiram 500 a lokaci guda, hanji ba ya iya tsotse fiye da haka sosai. A sha da abinci, a raba shi da maganin ƙarin jini da awa biyu.

Mai zaman cikin gida ta riƙa fitowa tsakar gida hantsi ya taɓa ta, domin samun bitamin D, mai taimaka wa jiki tsotse kalsiyam. Tafiyar minti 30 da tashi daga kujera sau goma ba tare da dafawa ba suna ƙarfafa cinya.

An fi jan kunne kan magungunan dexamethasone da prednisolone da wasu ke sha don su yi ƙiba: suna cinye ƙashi. Wadda aka rubuta wa alendronate, maganin ƙarfafa ƙashi, ta sha da safe kafin ta ci komai, da cikakken kofin ruwa, kada ta kwanta sai bayan minti 30, don kada ya ƙona mata maƙogwaro.

Wadda ta fara ranƙwafawa ko tsayinta ya ragu ta nemi gwajin DEXA, hoton da ke auna ƙarfin ƙashi.