Naira miliyan 5 a hannayen jari: nawa zan ajiye, nawa zan riƙa juyawa?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da naira miliyan 5 da nake son sa wa a kasuwar hannayen jari ta Najeriya (NGX). Burina in ajiye wasu kamfanoni na shekaru ina karɓar rabon riba, amma ina kuma son in ware wani abu ina saye da sayarwa idan farashi ya motsa. Yaya ake wannan rabo, kuma nawa ya kamata in zuba a ciniki guda?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Malam, ga yadda zan tsara maka: miliyan 4 jarin ajiya, naira 750,000 jarin juyawa, 250,000 kuma tsabar kuɗi a gefe. Idan yanzu ka fara, rage na juyawan zuwa 500,000.

Na ajiyan ka raba shi a kamfanoni 6 zuwa 8, kada ɗaya ya wuce naira 800,000. Ka kuma duba ɓangare, ba suna kaɗai ba. Wanda ya sayi hannun jarin bankunan Zenith da GTCO da UBA yana ganin kamfanoni uku ya saya, alhali doka ɗaya daga Babban Bankin Najeriya (CBN) tana iya taɓa su gaba ɗaya. Dangote Cement da BUA Cement ma haka. Ɓangare ɗaya kada ya haura kashi ɗaya bisa uku. Idan kana kauce wa bankunan ruwa, jerin NGX Lotus Islamic Index, wato jerin kamfanonin da aka tantance sun dace da shari'ar Musulunci, zai rage maka wahalar tantancewa.

Kuma ka raba asusun biyu tun farko, ko da a littafi ne. Inda mutane ke rasa kuɗi shi ne: an sayi abu don a sayar cikin mako biyu, ya faɗi, sai a ce "ai dama na dogon zango ne".

Mai Lissafi:
Abin da Baban Hanifa ya faɗa daidai ne, amma tambaya ta biyu ta fi muhimmanci. Girman ciniki ba daga "nawa nake da shi" ake fara shi ba, daga "nawa na yarda in rasa" ake farawa.

Ka ce kashi 2 cikin 100 na 750,000, wato naira 15,000 a kowane ciniki. Hannun jari yana naira 50, ka yanke cewa idan ya sauko 45 ka fita. Asarar kowane ɗaya naira 5 ke nan. Sai ka ƙara kuɗin ciniki: kwamishon dillali, kason SEC (hukumar da ke sa ido a kasuwar) da NGX da CSCS (kamfanin da ke ajiye bayanan hannayen jari), kuɗin hatimi da VAT. A wurin dillalin da ke karɓar cikakken kwamisho, shiga da fita suna cin kusan kashi 4 cikin 100, wato wajen naira 2 a nan. Jimla naira 7. Raba 15,000 da 7, ka samu hannayen jari kusan 2,100. Kuɗinsu naira 105,000. Iyakarka ke nan, ko da zuciyarka na cewa ka zuba 400,000.

Ka lura: wanda ya saya a 50 ya sayar a 52 bai ci komai ba, dillali ya yi wa aiki. Shi ya sa yawan shiga da fita a NGX ke cinye jari a hankali. Ciniki uku ko huɗu a buɗe lokaci guda sun isa.

Hajiya Mai Jari:
Ɗan'uwa Mai Lissafi, lissafinka ya ɗauka cewa za a samu mai saye a 45. Ba kullum ba ne. A NGX farashi ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa a rana. Idan mummunan labari ya fito a kan ƙaramin kamfani, za ka buɗe manhaja ka ga layin masu sayarwa cike, layin masu saye babu ko mutum ɗaya. Yau 45, gobe 40.50, jibi 36.45, kai kuma odarka na zaune a layi. Asarar da ka tsara 15,000 ta wuce 30,000. Don haka kafin ka saya, duba adadin da ake cinikinsa kullum na wata guda. Idan abin da za ka saya ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na cinikin rana, rage shi ko ka bar shi.

Sannan "ajiya" ba ta nufin rufe ido. Bayan an saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, MTN Nigeria da Nestlé Nigeria sun tafka asara saboda bashin dala, rabon riba ya tsaya. Duk wanda ya jibga rabin jarinsa a ɗayansu yana jiran rabo ya ji a jikinsa. Karanta rahoton kuɗi na kowane wata uku, musamman bashin kuɗin waje. Ka kuma tuna ana cire harajin kashi 10 cikin 100 daga rabon riba kafin ya iso asusunka.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai. To idan na juyawan ya ƙaru ko ya ragu fa?

Baban Hanifa:
Hanya ɗaya ce kuɗin ke bi. Duk wata shida, abin da ya haura 750,000 ka kwashe zuwa ajiya. Idan ya ragu, kada ka ciko daga ajiya; idan ya sauko 600,000, dakata da ciniki ka duba littafinka ka ga inda ake zubewa. Bashi kuwa kada ka kusance shi: a rugujewar kasuwar hannayen jari ta 2008 waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari su ne suka fi shan kashi, domin an sayar musu da kayansu a ƙasa, bashin kuma yana nan.

Wajen zakka ma rabuwar na da amfani, domin malamai da dama suna ɗaukar na juyawa a matsayin kayan kasuwanci, a fitar da kashi 2.5 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, na ajiya kuma akwai bayani daban a kansa. Wannan ka kai wa malaminka da alƙaluman kowane asusu daban.