Wai dokokin taƙaita kuɗin lafiya a jihohin Amurka suna aiki kuwa?

Mai_Tambaya: Salam jama'a. Na ga Massachusetts tun 2012 ta sa iyaka, wai abin da ake kashewa a lafiya kar ya ƙaru sama da kashi 3.6 cikin ɗari a shekara, daga baya ma suka sauke zuwa 3.1 daga 2018 zuwa 2022. To ya za a gane abin ya yi aiki ne ko takarda ce kawai?

Uwar_Biyu: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalar dokar ba ta da haƙora sosai, asibiti ya wuce iyaka sai a ce ya kawo tsarin gyara, kuma sai 2022 aka fara tilasta wa wani rukunin asibitoci, Mass General Brigham. Shekara goma fa!

Baban_Lissafi: Ni Maryland ta fi burge ni wallahi, tun 2014 ana yanka wa asibiti kasafin shekara guda, ko ya cika gadaje ko bai cika ba kuɗinsa kenan, sai ya daina kwaɗayin kwantar da mutane. Amma wajen aunawa dole ka kwatanta da jihar da ba ta da dokar, in ba haka ba korona ma ta rage zuwa asibiti a 2020, sai ka ɗauka doka ce.

Mai_Tambaya: Na gode Malam. Amma kuɗin inshoran da ma'aikaci ke biya daga albashinsa, shi ma ya sauka?