Sensa biyu kan fitila ɗaya, ta ƙi mutuwa

Salam, masu wayarin a taimaka don Allah. A gidanmu na Hotoro nake so fitilar LED ɗin soro ta riƙa kamawa ko daga waje aka shigo ko daga tsakar gida aka fito. Na sayo sensa biyu, wato na'urar da ke kunna fitila in ta ga motsi, a Sabon Gari masu waya uku, na ba su wuta daga layi ɗaya, na haɗe jajayen wayoyinsu zuwa fitilar. Kowacce ita kaɗai lafiya lau take aiki, amma ina haɗa su sai fitilar ta ƙi mutuwa, tana ta ƙyafƙyafta har asuba, alhali ko mage ba ta gifta ba. Na rage lokacin da sensa ke barin fitilar a kunne, na canza fitila, duk a banza. Sai na saka rile, wato makunnin nan da wuta ke kunnawa da kashewa, tsakaninsu kenan?