Minti biyar aka ba ni, ni kuma na rubuta shafi shida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a kwalejin ilimi. Ranar Talata kowa zai fito gaban aji ya yi jawabin minti biyar, ni an ba ni Nana Asma'u. Na rubuta shafi shida ina ta hadda, amma da na gwada jiya a gaban ƙawata, ina kaiwa tsakiya sai kaina ya ɗaure. Murya na rawa, tafin hannu duk gumi. Mun fi ɗari a ajin, kuma mazan da ke zama a baya ba su da dama. Don Allah a ba ni shawara.

Wani malamin sakandare: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kaya kika ɗauka fiye da ƙarfinki, shi ya sa wuya ke rawa. Cewa 'yar Shehu Usmanu ce, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, wannan numfashi ɗaya ya ishe shi. Sauran lokacin ki ba 'Yan Taru, wato ƙungiyar ilimantar da mata da ta kafa: yadda take naɗa dattijuwa jaji, wato shugabar tawaga, a sa mata malfa, ta jagoranci matan ƙauyensu, ta koma musu da waƙoƙin da aka koya mata. Sai ki jefa wa ajin tambaya, me ya sa ta zaɓi waƙa? Domin wadda ba ta iya karatu ba tana iya rerawa tana daka. Masu shirin zama malamai ne a gabanki, nan za ki kama su.

Wata tsohuwar malama: 'Yata, ba tilawa za ki kawo ba. Mai haddar kalma bayan kalma, in guda ta ɓace masa, shi ke nan, jaki ya tsaya. Jimlar farko da ta ƙarshe kawai za ki haddace. Na tsakiya ki rubuta kanunsu a 'yar takarda. Ki ɗauki muryarki a waya sau uku kina duba agogo, ki tsaya a minti huɗu da rabi.

Wani ɗalibi: Ni dai bangon baya nake kallo har in gama.

Tsohuwar malamar: A'a ɗana, da ka kalli bango sun san ka tsorata. Ta zaɓi mutum uku, dama, hagu da can baya, tana yi musu magana bi da bi. In na bayan sun ji ta, kowa ya ji.

Mai tambaya: Na gode Malam, na gode Mama. To in suka fara dariya fa?

Malamin sakandaren: Ki yi shiru, ki dube su, ki ƙirga uku a zuci. Sannan ki ci gaba daga inda kika tsaya, kada ki ba da haƙuri.