Yen 33,000 a gidan sushi na Ginza: damfara ce ko tsada?

Baban Ummi: Salam jama'a. Ni fa yau sai na amayar da abin da ke raina ko na samu barci. Mutumin da muke sayen kayan gyaran mota a wurinsa a Saitama nan Japan ne ya yi min hanya wani gidan sushi a Ginza, unguwar masu kuɗi a Tokyo, irin mai kujera takwas ɗin nan da ake zama gaban kanta, mai yankan kifi na kallonka kana kallonsa. Ba menu ba zaɓi, omakase suke ce masa, abin da mai gidan ya ga dama shi zai ɗora maka. Loma loma yake miƙowa, ɗan curin shinkafa da yankan kifi a kai, kafin in gyara zama an kawo wainar ƙwai wai an gama. Rasit ya zo yen 33,000 ni kaɗai, 30,000 abinci 3,000 haraji. Sai da na tsaya a konbini, ɗan shagon bakin hanya, na sayi onigiri, curin shinkafar nan, don cikina bai ma san an yi ba. Wallahi damfara ce, kuma duk wanda ya ce ya ƙoshi a irin wurin nan ƙarya yake.

Ɗan Tsukuba: Yaya da girmanka, amma damfara ta yi nauyi. An faɗa maka kuɗin kafin ka zauna ko ba a faɗa ba?

Baban Ummi: An faɗa tun wajen kama kujera. To sai me?

Ɗan Tsukuba: To ai magana ta ƙare. Damfara a ce maka kaza ne a karɓi wani kaza, ko a nuna maka tuna a ba ka wani kifin. Harajin kashi 10 kuwa tun Oktoban 2019 ko'ina ka ci a zaune shi za ka biya, kuma ko na goro ba su karɓa ba tunda a Japan ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici. Ka ce tsada mu taya ka kuka.

Ɗan Fagge: Ni dai daga Kano nake kallonku, na buga lissafi a waya kusan naira dubu ɗari uku nake gani. A zama ɗaya? Ɗanyen kifi ko wuta bai gani ba? Ƙanena in wannan ba damfara ba ce to mece ce.

Ɗan Tsukuba: Cuta ma ba a yi masa ba balle damfara.

Bazazzagi: A'a tsaya, cuta daban damfara daban. Ana iya faɗa maka farashi ƙiri ƙiri kuma a cuce ka. Ni ina ganin an cuce shi amma ba a damfare shi ba.

Ɗan Fagge: Duk kanwar ja ce malam.

Bazazzagi: Ba ɗaya ba ne, ku Kanawa komai sai ku haɗa shi a buhu ɗaya ku sa masa farashi.

Hajiya Maman Hanif: Baban Ummi sannu, amma da ka tambaye ni kafin ka je da ban bari ka je da dare ba. Gidajen nan da yawa suna da abincin rana, kifi ɗaya ne mai yanka ɗaya ne, sai dai a rage maka yawan loma da ƴan ciye ciyen farko, kuma sau da yawa kuɗin bai kai rabin na dare ba. Inda kuma suke da menu za ka ga hawa uku, matsu na sama, take na tsakiya, ume na ƙasa, ni na tsakiyan nake ɗauka kullum don bambancinsa da na sama bai wuce otoro, kitsen cikin tuna, da uni, wata halittar teku mai ƙaya, ba. Kuma ana iya cewa a ƙara girman shinkafar, ba abin kunya ba ne, su da kansu suna tambaya wani lokacin. Abin gudu ɗaya ne, duk abin da ka ga ba a rubuta kuɗinsa ba an sa farashin ranar, kada ka taɓa sai ka tambaya.

Ɗan Fagge: Hajiya ba ki ce komai kan damfarar ba.

Hajiya Maman Hanif: Ni abinci na zo yi wa magana.

Ɗan Tsukuba: Ku fa gane abin da ake biya. Kujera takwas, zama ɗaya ko biyu a dare, hayar Ginza wadda tana cikin filaye mafi tsada a duk Japan, ga mai gidan da asuba yana kasuwar Toyosu yana zaɓen kifi, tun da aka tashi kasuwar daga Tsukiji a Oktoban 2018. A gwanjon farko na sabuwar shekara a Toyosu, Janairun 2019, Kiyoshi Kimura mai gidajen sushi na Sushizanmai ya sayi tuna ɗaya mai kilo 278 da aka kamo a Oma ta arewacin Japan kan yen miliyan 333.6. Kifi ɗaya fa. To ku ce min a ina arahar za ta fito.

Alhaji na Osaka: Yaro ka kawo hujjar da ta kayar da kai. Wannan gwanjon talla ne, kowa ya sani, ana yi ne don jarida da talabijin, kuma shi Kimuran a farashin da ya saba ya yanka kifin ya sayar a shagunansa. In wanda ya sayi na miliyan 333 bai karɓi 33,000 a kan mutum ba, shi na Baban Ummi wane kifi ya saya?

Baban Ummi: Allah ya ƙara girma Alhaji. Ka ji magana.

Ɗan Tsukuba: Ranka ya daɗe ban ce shi ne farashin kullum ba, misali na kawo. Kuma 33,000 ba ƙarshe ba ne a Ginza. Sukiyabashi Jiro inda Shinzo Abe, firaministan Japan na lokacin, ya kai Obama a Afrilun 2014, kujera goma ne a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin Ginza, loma wajen ashirin, cikin kamar rabin awa an sallame ka, a lokacin yen 30,000 ne daga baya ya hau 40,000. A 2019 Michelin ta cire shi daga littafinta na fitattun gidajen abinci, ba don abincin ya lalace ba, don gama-garin mutane ba sa iya samun kujera. Wurin da mutane ke roƙo su biya za ka kira damfara?

Ɗan Fagge: Ai an ce Obaman ma bai cinye ba, rabi ya ci ya ajiye.

Ɗan Tsukuba: Wa ya ce?

Ɗan Fagge: An ce dai. Ya yi yawo a lokacin.

Ɗiyar Damagaram: Ni duk wannan bai dame ni ba, abin da ya hana ni irin gidajen nan ba sa sa salmon, kuma ni shi kaɗai nake iya ci. Ka biya wannan uban kuɗi kuma a hana ka abin da kake so.

Ɗan Tsukuba: Anti salmon ba na asali ba ne, ƴan Norway ne suka tallata wa Japanawa cinsa ɗanye daga shekarun 1980, shi ya sa masu bin tsarin Edomae, wato sushin gargajiya na Tokyo, da yawa ba sa ɗora shi.

Ɗiyar Damagaram: To ni bakina na Norway ne, ka bar ni.

Alhaji na Osaka: Asali asali kuke ta cewa. Asalin nigiri, curin shinkafa da kifi a kai, ai abincin bakin titi ne a Edo, tsohon sunan Tokyo, wajen shekarun 1820, leburori ke tsayawa su ci da hannu su wuce, kamar yadda za ka tsaya wurin mai tsire. Kitsen cikin tuna ɗin nan da ake tsawwala wa kuɗi yanzu a da ba a ma ɗauke shi a bakin komai ba, jan naman ake so. Mutanen Tokyo ne suka ɗauki abincin talaka suka sa masa ƙofar katako da labule. Mu nan Kansai, yankin Osaka, muka mayar wa talaka abinsa, Yoshiaki Shiraishi ya buɗe Genroku a Higashiosaka a 1958, sushi na zagayawa a kan bel ka miƙa hannu ka ɗauka, a kamfanin giya na Asahi ya ga yadda kwalabe ke tafiya ya kwaikwaya. Yau ka shiga Sushiro ko Kura faranti yen ɗari da ƴan kai, da 33,000 ɗin nan sai ka kai iyalinka da na maƙwabci har sau nawa.

Malam Ƙarami: Assalamu alaikum. Tunda Alhaji ya ambaci giya bari in shigo. Kuna ta faɗa kan kuɗi ba wanda ya tambayi abin da aka shafa wa kifin. Ruwan da mai gidan ke shafawa da ɗan buroshi kafin ya miƙo maka, nikiri, da soya sos da giyar sake da mirin ake dafa shi, mirin kuwa giyar shinkafa ce mai zaƙi. Baban Ummi ka tambaya?

Baban Ummi: Malam ban tambaya ba, kifi da shinkafa na gani.

Ɗan Tsukuba: Allah gafarta Malam ai tafasa shi ake yi don barasar ta tashi. Shinkafar kuma ruwan khal ne, ko jan ruwan da ake yi da dusar giyar sake ya riga ya zama khal, khal kuma halal ne.

Malam Ƙarami: Khal daban, zuba giya a tukunya daban. Kai injiniyanci aka turo ka karanta ba fiƙihu ba.

Ɗan Tsukuba: Malam ai kai ma na gan ka a Kura ranar Sallah.

Malam Ƙarami: Dankali da shayi na sha, a tambayi Hajiya.

Hajiya Maman Hanif: Kada ku sa ni a ciki. Amma tunda an zo maganar Sallah, Baban Ummi mai 33,000 na cin dare ɗaya, yen 5,000 na gudummawar walimar da ka ce za ka turo har yau ban gani ba, ni na cike daga jakata na sayi naman rago a shagon halal na Shin-Okubo.

Baban Ummi: Haba Hajiya a nan za ki yi min wannan? Na ba Bazazzagi ya kawo miki.

Bazazzagi: Ni? Yaushe? Kuɗin mai ka ba ni da na kai ka filin jirgin Narita.

Ɗan Fagge: To ga damfarar nan ta fito a cikin gida.

Baban Ummi: Ɗan Fagge ka kiyaye ni, kai ko fasfo ba ka da shi kana sa baki a maganar Ginza.

Ɗan Fagge: Fasfo ba ni da shi amma tsutsar cikin ɗanyen kifi ma ba ni da ita.

Ɗiyar Damagaram: Wannan kam gaskiya ne akwai ta, anisakis, a kifin saba da na ika ta fi yawa, kuma yajin wasabi da khal ba sa kashe ta, sai dafuwa ko a daskarar a ƙasa da sifili da digiri 20 na awa 24. Shi ya sa ma nake tsayawa kan salmon ɗin kiwo.

Ɗan Tsukuba: Kun gani, idon mai yankan da ke tsince ta yana cikin abin da ake biya.

Alhaji na Osaka: To ya isa haka, dare ya yi gobe akwai aiki, bari in taƙaita a matsayina na shugaban guruf. Kusan kowa ya yarda an cuci Baban Ummi, saɓanin kawai ko a kira shi damfara ko cuta, ni kuma a ganina wanda ya biya 33,000 ya fito ya nemi onigiri yana da damar kiransa duk sunan da ya so. Ɗan Tsukuba ya kawo tarihi mai yawa Allah ya ƙara basira amma bai nuna mana wanda ya ƙoshi ba. An tabbatar Tokyo ce ta lalata farashi kuma mafi dacewa da aljihu shi ne mai zagayawa na Osaka. Maganar mirin mun bar wa Malam ya bincika. Na rufe.

Ɗan Tsukuba: Ranka ya daɗe wa ya tabbatar? Kai kaɗai ka ambaci Osaka. Kuma Hajiya ta ce abincin rana ne ya fi, ka tsallake.

Alhaji na Osaka: Na ce na rufe.

Hajiya Maman Hanif: A rufe, amma 5,000 ɗina kafin Juma'a, tsakanin Baban Ummi da Bazazzagi ku san yadda za ku yi.